Jagorar Gano Dalilin da Ya Sa Maɓallai Suka Ƙi Aiki a Manhajar mpv

Manhajar mpv, wadda ake kunna sauti da bidiyo da ita, ta samo asali ne a shekarar 2012 daga mplayer2, wadda ita ma reshe ce ta MPlayer da aka fara rubutawa a ƙasar Hungari a shekarar 2000. Ba ta da nauyi, ba ta cin batir sosai, kuma tana tafiya lafiya a kan tsofaffin kwamfutoci, shi ya sa ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da masu hadda da ke maimaita aya guda sau da yawa, da 'yan jaridar da ke kwafe hira daga sauti zuwa rubutu suke samun amfaninta a nan Sakkwato. Sai dai kusan dukkan ikonta a kan madannai yake. Da zarar maɓalli ya ƙi amsawa aiki ya tsaya, kuma abin da mutane suka fi yi a lokacin shi ne su cire manhajar su sake sanya ta, ko su nufi shagon mai gyara a canza musu madannai masu lafiya. Duka biyun asara ce, ta data da ta kuɗi, kuma galibi matsalar tana nan inda aka bar ta.

Dannawa ɗaya tana bi ta hannaye da yawa kafin ta zama aiki. Tana fita daga madannan, tsarin kwamfuta ya mayar da ita harafi bisa harshen da aka zaɓa, ya miƙa ta ga tagar da ke gaba ko ga taminal, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni a rubuce, daga nan mpv ta duba jadawalinta ta ga wane umarni aka ɗaura wa harafin, sannan ta zartar. Kamar saƙo ne da aka ba direba a tashar mota, shi ya ba ɗan kamasho, shi kuma ya ba ɗan acaɓa: idan bai isa ba, sai a bi sawu a gano a hannun wa ya maƙale. Wannan bin sawun ne aikin da ke gabanmu, kuma sharaɗinsa shi ne a riƙa canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji.

Mataki na farko: a tabbatar da aikin maɓallin

Kafin a zargi komai, a san abin da mpv ta ɗaura wa kowane maɓalli tun asali. Dogon maɓallin tazara da ƙaramin p suna tsayar da sauti su kuma ci gaba da shi. Kibiyar dama da ta hagu suna tsallake daƙiƙa 5, ta sama da ta ƙasa minti 1. Lamba 9 tana rage ƙara, 0 tana ƙarawa, m yana kashe sauti gaba ɗaya, f yana cika allo da hoto, q yana rufe manhajar. Alamomin [ da ] suna rage sauri ko ƙara shi da kusan kashi 10 cikin 100, Backspace kuma yana mayar da saurin yadda yake. Ƙaramin l yana kafa wurin fara maimaici, dannawa ta biyu ta kafa wurin ƙarewa, ta uku ta goge su. Lambobin 1 zuwa 8 ba sa tsallaka bidiyo kamar yadda aka saba a YouTube. Haske da launin hoto suke canzawa, don haka wanda ya danna su a fayil ɗin sauti zalla ba zai ga komai ba.

Abu mafi muhimmanci a wannan mataki shi ne mpv tana bambanta ƙaramin baƙi da babba. Idan Caps Lock yana kunne, p ya zama P, wanda aikinsa nuna inda aka kai ne kawai, ba tsayarwa ba. Haka l ya zama L, wanda ke maimaita fayil ɗin duka ba tare da ƙarewa ba, q kuma ya zama Q, wanda ke rufewa amma ya adana wurin da aka tsaya. Wasu ƙananan kwamfutocin hannu ba su da fitilar da ke nuna Caps Lock, saboda haka a buɗe wurin rubutu a buga harafi ɗaya a gani. A tsofaffin kwamfutocin da ba su da ɓangaren lambobi na gefe, Num Lock yana mayar da j, k, l su zama 1, 2, 3, ya mayar da u, i, o su zama 4, 5, 6, m kuma ya zama 0. Wanda hakan ta same shi zai ga rabin madannansa na aiki, rabi kuma ya rikice.

Mataki na biyu: wace taga ce ke karɓar dannawar

Manhajar tana sauraron maɓallai ta ƙofa biyu: tagar bidiyo, da taminal ɗin da aka kunna ta daga ciki. Idan mutum ya koma wata taga yana rubutu, dannawarsa can take zuwa. A danna linzami sau ɗaya a kan tagar bidiyon sannan a sake gwadawa. Idan fayil ɗin sauti ne marar hoton bango, mpv ba ta buɗe taga ko kaɗan, kuma taminal ce kaɗai ƙofa. Ana iya tilasta mata ta buɗe taga da wannan umarni:

mpv --force-window karatu.mp3

Wannan gwaji ne mai daraja, domin idan maɓallai suka yi aiki a tagar amma suka ƙi a taminal, an riga an san cewa madannai lafiya lau suke, jadawalin mpv ma haka, kuma sai a wuce kai tsaye zuwa mataki na biyar.

Mataki na uku: a tambayi mpv abin da take gani

Wannan shi ne matakin da ke raba gardama, kuma a ganina da shi ya kamata kowa ya saba kafin komai:

mpv --input-test --force-window --idle

Wata baƙar taga za ta buɗe. Duk maɓallin da aka danna, mpv ba za ta zartar da shi ba, sai dai ta rubuta sunansa a allo tare da umarnin da aka ɗaura masa da kuma inda ɗaurin ya fito, ko daga cikinta ne ko daga fayil ɗin saituna. Ko q ba ya rufe ta a wannan yanayi, sai an rufe tagar da linzami.

Abu uku ne ke iya faruwa. Idan ba a ga komai ba, dannawar ba ta iso ba, wani ya tare ta a hanya ko kuma maɓallin ya mutu. Idan an ga wani suna dabam da wanda aka danna, misali an danna f amma aka ga wani harafi ko aka ga Ctrl+f, matsalar tsarin madannai ce ko wani maɓalli ne ya maƙale a danne. Idan sunan daidai ne amma umarnin da ke gabansa ba shi ake so ba, ko aka ce ba a ɗaura masa komai ba, to matsalar tana cikin saituna. Domin gwada ƙofar taminal, sai a yi amfani da mpv --input-test --no-video karatu.mp3, inda bayanin zai riƙa fitowa a cikin taminal ɗin, kuma Ctrl+C ne ke fitar da mutum. Umarnin mpv --input-keylist yana jero dukkan sunayen maɓallan da manhajar ta sani, mpv --input-cmdlist kuma yana jero umarnan.

Mataki na huɗu: harshen madannai

Wannan mataki ya fi shafar masu amfani da kwamfuta a garin nan, domin mutane da yawa suna rubutu da Larabci ko Ajami a kan madannan da suke rubuta boko. Manhajar mpv ba ta kallon wurin da maɓalli yake zaune; harafin da ya fito daga cikinsa take kallo.

A ɗauki ɗalibin da ke kwafe tafsiri daga rikodin. Ya juya madannansa zuwa Larabci ya rubuta ayar, sannan ya koma mpv domin ya rage saurin malamin. Ya danna tazara, sauti ya tsaya. Ya danna kibiyar hagu, ta koma baya. Ya danna [ kuma babu abin da ya faru, ya danna l domin maimaici, shiru. Idan ya duba taminal zai tarar da layi mai cewa No key binding found for key, a gabansa kuma harafin ج ko م. A tsarin Larabci da aka fi amfani da shi, wurin [ na ج ne, wurin ] na د, wurin l na م, wurin f na ب, wurin q na ض, wurin m kuma na ة. Alamar wannan matsala a fili take: tazara da kibiyoyi suna aiki, haruffa ba sa yi.

Magani na kusa shi ne a juya harshen, da Super (maɓalli mai tambarin Windows) da tazara a GNOME, wani tsarin tebur na Linux, ko maɓallin Windows da tazara a Windows. Amma wanda ke kai-komo tsakanin rubutu da saurare sau ɗari a zama ɗaya ba zai jure wannan ba. Hanya biyu ce ta ɗorewa. Ta farko, a shiga saitunan madannai a zaɓi cewa kowace taga ta riƙe nata harshen, zaɓin da GNOME da Windows duka suke da shi. Ta biyu, wadda na fi so domin ba ta dogara da tunawar mutum, ita ce a koya wa mpv haruffan Larabcin a fayil ɗin input.conf, wanda za a ga inda yake a mataki na shida:

ج multiply speed 1/1.1
د multiply speed 1.1
م ab-loop
ب cycle fullscreen
ة cycle mute
ض quit

Wajibi ne a adana fayil ɗin da tsarin UTF-8. Wasu manhajojin rubutu za su nuna layin a birkice saboda haɗuwar rubutun dama da na hagu, wannan bai lalata komai ba matuƙar harafin aka fara bugawa, sannan tazara, sannan umarnin.

Sai kuma kwamfutocin hannu da ke shigowa daga Turai ko ta iyakar Illela da Birnin Ƙonni, waɗanda wasunsu tsarin Faransa gare su, wato AZERTY. A wannan tsari, jerin sama ba ya fitar da lambobi sai an haɗa da Shift, don haka wurin 9 yana ba da ç, wurin 0 yana ba da à, kuma ƙarar sauti ba ta motsawa. Ana gyara wannan da layi biyu, ç add volume -2 da à add volume 2. Haka nan q da a sun yi musayar wuri, m kuma ya koma kusa da l. Rikicin ya fi tsanani idan abin da aka rubuta a jikin maɓallan na Faransa ne amma tsarin kwamfutar an saita shi a na Amurka, domin mutum zai danna inda aka rubuta A, manhajar ta karɓi q ta rufe. A Linux mai X11, wato tsohon tsarin nuna tagogi, setxkbmap -query yana faɗin tsarin da ke aiki, localectl status kuma yana nuna na kwamfutar gaba ɗaya.

Tsakanin tsarin Ingila da na Amurka ma akwai bambanci: Shift da 3 suna ba da # a na Amurka, wadda ke canza layin sauti a mpv, amma £ suke bayarwa a na Ingila. Tsare-tsaren Hausa kuma dole su nemo wa ɓ, ɗ da ƙ wurin zama, wasunsu a kan maɓallan alamomi suke ɗora su, wasu kuma ta hanyar Alt na dama. A Windows da macOS, manhajar mpv tana ɗaukar Alt na dama a matsayin AltGr, maɓallin fitar da haruffa na musamman, tun asali, saboda haka ɗaurin da aka yi da Alt zai amsa wa na hagu kawai, sai idan an ba ta --no-input-right-alt-gr.

Mataki na biyar: taminal da halayenta

Taminal ba ta aika labarin cewa an danna maɓalli ko an sake shi. Jerin haruffa kawai take aikawa, gadon da ta ɗauko daga na'urorin shekarun 1970. Kibiyar sama, alal misali, haruffa uku ce: Esc, sannan [, sannan A. Ana iya ganin haka da ido idan aka buga cat -v aka danna kibiyar, inda ^[[A zai fito, ta dama kuma ^[[C. Umarnin showkey -a ma yana yin wannan aiki. Saboda wannan gado, taminal ta gargajiya ba ta iya bambanta Ctrl+i da Tab, ko Ctrl+m da Enter, ko Ctrl+[ da Esc. Duk wanda ya ɗaura aiki a kan irin waɗannan zai same shi a tagar bidiyo amma ba zai same shi a taminal ba, kuma mafita ita ce ya zaɓi wani maɓallin.

Akwai kuma maɓallan da manhajar taminal ɗin ke riƙe wa kanta, irin su Ctrl+Shift+C, Ctrl+Shift+V, Ctrl+Shift+T da F11. Wanda ke aiki cikin tmux, manhajar da ke raba taminal gida-gida, ya sani cewa Ctrl+b nata ne, a takwararta screen kuma Ctrl+a. Mafi ruɗarwa shi ne Ctrl+s, wanda a mpv aikinsa ɗaukar hoton taga ne, amma a taminal tsohon umarni ne na dakatar da fitar da rubutu. Layin da ke ƙirga lokaci zai daskare, mutum ya ɗauka komai ya tsaya. Ctrl+q ne ke sakin sa, stty -ixon kuma yana kashe ɗabi'ar. A tagar umarni ta Windows akwai makamancin haka: danna linzami a cikin tagar yana fara zaɓen rubutu, ya dakatar da fitar da saƙonni har sai an danna Esc.

Daga nan sai a duba yadda aka rubuta umarnin kansa, domin a nan ne masu ɗan ƙwarewa suka fi faɗawa. Idan an turo wa mpv sautin ta bututu, kamar cat karatu.mp3 | mpv -, manhajar tana kashe sauraron maɓallan taminal da kanta da zarar ta ga alamar - a layin, domin kada ta haɗa bayanan fayil da dannawa. A ba ta sunan fayil ɗin kai tsaye, ko a ƙara --force-window a riƙa dannawa a tagar. Haka kuma idan an karkatar da abin da take fitarwa zuwa wani wuri, kamar mpv karatu.mp3 | tee rahoto.txt, ba za ta karanta taminal ba. Wanda ke son rahoto ya yi amfani da --log-file=rahoto.txt. Idan an sa alamar & a ƙarshen umarni, mpv ta koma bayan fage, kuma sai an buga fg ta dawo gaba kafin ta ji dannawa. Wanda ke kunna ta a wata kwamfutar ta hanyar ssh, yana ba da umarnin a layi ɗaya, yana buƙatar ssh -t, in ba haka ba ba za a buɗe masa taminal a can ɓangaren ba. A Windows, mpv.com ne aka tanada domin aiki da tagar umarni, kuma shi ake samu idan an buga mpv kawai ba tare da ƙara .exe ba.

Wani lokaci manhajar kan mutu ba shiri, ta bar taminal a hargitse, abin da ake bugawa ba ya bayyana. A buga stty sane a danna Enter ko da ba a ganin rubutun, ko kuma reset.

Mataki na shida: saituna da ƙananan shirye-shirye

Gwaji ɗaya ne ke nuna ko saituna ne da laifi:

mpv --no-config karatu.mp3

Idan komai ya dawo daidai, laifin yana cikin foldar saituna. A Linux tana ~/.config/mpv/, a Windows tana %APPDATA%\mpv\, sai dai idan akwai folda mai suna portable_config kusa da mpv.exe, wadda ita ake bi a bar waccan. Wanda ya sanya mpv ta Flatpak zai sami tasa a ~/.var/app/io.mpv.Mpv/config/mpv/, kuma wanda ya kunna ta da sudo saitunan root, wato asusun mai cikakken iko, ake karantawa ba nasa ba. Mutane da yawa sun daɗe suna gyara fayil ɗin da manhajar ba ta ko buɗewa. Ƙara -v a umarni yana sa ta faɗi fayilolin da ta karanta a farkon tashi. A Windows a lura da Notepad, wanda kan adana fayil da sunan input.conf.txt yayin da tsarin ke ɓoye wutsiyar sunan.

Fayil biyu ne, kowanne da aikinsa. Zaɓuɓɓuka suna zama a mpv.conf, ɗaurin maɓallai kuma a input.conf. A fara da bincika na farkon da grep -nE 'input|terminal' ~/.config/mpv/mpv.conf. Layukan da ake nema su ne input-default-bindings=no, wanda ke kashe dukkan ɗaurin asali, da input-terminal=no ko terminal=no, waɗanda ke rufe ƙofar taminal, da input-vo-keyboard=no, wanda ke rufe ta tagar bidiyo. Irin waɗannan layuka sukan shigo ne ta hanyar kwafo saitunan wani daga intanet ba tare da an karanta ba, al'adar da nake roƙon a daina, domin wanda ya rubuta su ya gina su ne bisa buƙatarsa da madannansa.

A input.conf kuwa, kowane layi yana ɗauke da sunan maɓalli, tazara, sannan umarni. Alamar # tana nufin abin da ke bayanta sharhi ne, don haka wanda ya kwafo fayil ɗin misali na mpv, wanda dukkan layukansa da # suke farawa, sai ya cire alamar daga layin da ya gyara kafin ya yi tasiri. Idan maɓallin # ɗin kansa ake son ɗaurewa, sunansa SHARP. Tazara sunanta SPACE, kibiyoyi LEFT, RIGHT, UP da DOWN, lambobin gefe kuma KP0 zuwa KP9, waɗanda mpv ke ɗauka dabam da lambobin jerin sama. Game da Shift, a rubuta alamar da ke fitowa ne ba haɗin ba: @ maimakon Shift+2 a tsarin Amurka, A maimakon Shift+a, amma Shift+LEFT daidai ne yadda yake. Idan an ɗaura maɓalli ɗaya sau biyu, layin ƙasa ne ke rinjaye. Kalmar ignore tana kashe maɓalli, kuma q ignore layi ne mai amfani ga wanda yatsansa ke yawan rufe masa karatu bisa kuskure, muddin bai manta ya sa shi ba. Kurakuran rubutu ba sa ɓuya, domin manhajar tana faɗin su a taminal lokacin tashi, da Unknown key idan sunan maɓalli ne, ko Command not found tare da sunan umarnin da ba ta gane ba.

Idan fayilolin biyu ba su da aibu, saura foldar scripts. Ƙananan shirye-shiryen Lua da JavaScript da ke cikinta suna iya ɗaura maɓallai ta hanya mai sauƙi wadda input.conf ke iya sokewa, ko ta hanyar tilas wadda ke danne input.conf ɗin kansa. A gwada --load-scripts=no. Idan hakan ya warware, a fitar da su duka daga foldar a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. A sababbin fitowar mpv, danna babban I sannan 4 yana nuna shafin da ke jero dukkan ɗaurin da ke aiki a lokacin da wanda ya yi kowannensu.

Mataki na bakwai: umarni ya isa amma ba a ga sakamako ba

A nan maɓalli ba shi da laifi. Kibiyoyi ba sa tsallakawa a rediyon intanet ko watsa shiri kai tsaye, domin babu gaba ko baya da za a je, kuma manhajar tana faɗin haka a taminal. Ba ta --cache=yes da --force-seekable=yes kan ba da damar yawo a cikin abin da aka riga aka sauke. A fayil ɗin bidiyo kuma, tsallaken kibiya yana sauka ne a kan cikakken hoto mafi kusa, wanda a wasu fayilolin da aka matse sosai yake da nisa, sai a ga an wuce daƙiƙa 5 nesa ba kusa ba. Shift da kibiyar dama ko hagu suna tsallake daƙiƙa 1 daidai, layin hr-seek=yes a mpv.conf kuma yana sa kowane tsallake ya zama daidai. Lamba 0 ba ta kai ƙarar sauti sama da 130 sai an ɗaga volume-max, kuma idan sautin kwamfutar a kashe yake, lambar za ta hau a allo kunne bai ji komai ba.

Babban Q ma yana da rawar da yake takawa, domin tare da wurin tsayawa yana adana wasu saitunan, har da ƙara da kashe sauti. Fayil ɗaya da kullum ke tashi shiru alhali sauran lafiya, a gwada shi da --no-resume-playback. Daga fitowa ta 0.36 a shekarar 2023, ana ajiye waɗannan bayanai a ~/.local/state/mpv/watch_later/ a Linux.

Ga wanda ke son tabbaci cewa injin manhajar yana karɓar umarni ba tare da madannai ba, sai ya kunna ta da --input-ipc-server=/tmp/mpvsocket, ya buɗe taminal ta biyu ya buga echo 'cycle pause' | socat - /tmp/mpvsocket. Idan sauti ya tsaya, mpv lafiyarta ƙalau.

Mataki na takwas: madannan kansu

Sai yanzu ne ya dace a zargi ƙarfen. Ƙurar hunturu a Sakkwato tana shiga ko'ina, kuma maɓallan da aka fi dannawa, tazara da kibiyoyi, su ne ke fara nauyi. A buɗe xev a X11, ko wev a Wayland, sabon tsarin nuna tagogi, a danna maɓallin. Idan nan ma shiru, sudo evtest yana nuna abin da ke fitowa daga na'urar kafin kowane tsari ya taɓa shi. Shiru a evtest yana nufin maɓallin ya mutu ko datti ya tokare shi. A kashe kwamfutar, a kifar da ita a hankali, a share tsakanin maɓallan da busasshen buroshi mai laushi, sannan a gwada da madannai na waje masu USB kafin a yanke shawarar zuwa wurin mai gyara. Idan gwajin mataki na uku ya riƙa nuna Ctrl ko Alt a gaban kowane harafi, ɗaya daga cikinsu ne ya maƙale, na dama ko na hagu.

A duba kuma saitunan sauƙaƙa amfani. A Windows, danna Shift sau 5 a jere yana kiran Sticky Keys, riƙe Shift na dama na daƙiƙa 8 kuma yana kiran Filter Keys, wanda ke watsi da gajeriyar dannawa. Yaro da ya yi wasa da kwamfuta na minti biyu ya isa ya kunna su. Maɓallan sauti na musamman da ke jerin F kuwa, a Linux tsarin tebur ne ke karɓe su, kuma sai an sanya mpv-mpris kafin su sarrafa mpv alhali tana bayan wata taga.

Idan a waya ake aiki, ko da wata manhajar

Masu kunna mpv a cikin Termux, manhajar taminal ta wayar Android, ba su da kibiyoyi a madannan wayar, sai a jerin ƙarin maɓallai da ke saman su. Maɓallin rage ƙara na gefen waya yana zama Ctrl, na ƙara ƙara kuma idan aka haɗa shi da w, a, s ko d yana ba da kibiyar sama, hagu, ƙasa ko dama. Madannan waya masu hasashen kalma sukan riƙe harafi har sai an gama kalmar, don haka a kashe hasashen idan aka ga p ko m suna jinkiri.

Sauran manhajojin layin umarni kowacce da halinta. Ta ffplay ba ta sauraron taminal ko kaɗan, tagarta kawai take ji, saboda haka da zarar an ba ta -nodisp babu maɓallin da zai yi aiki sai Ctrl+C. Umarnin cvlc shi ma ba ya karɓar dannawa daga taminal, nvlc ne ke yin hakan. MPlayer tana ajiye nata input.conf a ~/.mplayer/, kibiyoyinta na dama da hagu daƙiƙa 10 suke tsallakewa, kuma idan aka sa ta cikin zagayen while read tana cinye jerin sunayen fayilolin tana ɗaukar su a matsayin dannawa, sai an ƙara mata < /dev/tty a ƙarshen layi. Manhajojin da aka gina a kan mpv, irin su Celluloid da SMPlayer, suna da nasu tsarin maɓallan, kuma a cikin saitunansu ake gyara shi.

Idan an bi duk wannan ba a dace ba, a haɗa shaida kafin a nemi taimakon wanda ya fi sani. A buga mpv --version a kwafe sakamakon, sannan a kunna fayil ɗin da mpv --no-config --log-file=rahoto.txt, a danna maɓallin da ke ba da matsala sau biyu ko uku, a rufe. A haɗa rahoton da sakamakon echo $TERM, da sunan tsarin madannan da ke aiki, da bayanin ko X11 ne ko Wayland, wanda echo $XDG_SESSION_TYPE ke faɗa. Kafin a tura wa kowa, a buɗe rahoton a goge sunan mai kwamfutar da adireshin duk wani shafi na sirri, domin yana ɗauke da cikakkiyar hanyar kowane fayil da aka buɗe.